Wa Zai Biya Hayar Ɗakin? Tarihin Ciyar da Ƴaƴa Bayan Saki, Daga Madina Zuwa Maraɗi

 

Ƴan'uwa masu bin wannan zaure, maza da mata, darasinmu na yau tarihi ne, amma irin tarihin da ke kwana cikin gidajenmu. Idan aure ya mutu kuma akwai ƴaƴa a tsakani, tambayoyi uku ke tasowa tun tawadar takardar saki ba ta bushe ba: a hannun wa yaran za su zauna, wa zai ciyar da su, wa kuma zai biya kuɗin ɗakin da za su kwana. Ta farko kowa yana da bakin magana a kanta, har maƙwabta. Ta biyu akan sallame ta da "in Allah ya hore". Ta uku kuwa da wuya ka ji an ɗaga ta a zauren sulhu, kamar dai yaro tsuntsu ne da zai kwana bisa reshe. Alhali tana cikin tsofaffin tambayoyin fiƙihu. An yi ta a Madina, an amsa ta a Ƙairawan, kuma amsar tana cikin littattafan da ke jingine a zaurukan malamanmu tun zamanin kakanni.

Ka san tushen, ɗan'uwa, don kana jin sa a tafsirin azumi kowace shekara. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ɗora abinci da tufafin uwa mai shayarwa a kan uban yaro, gwargwadon halinsa, ta kuma hana a cutar da uwa ko uba ta hanyar ɗansu. Farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta, ya hana ita ma ta fita da kanta, har idda ta cika. Aya ta 6 da ta 7 sun yi umarni a zaunar da ita inda mijin yake zaune, a ciyar da mai ciki har ta haihu, a biya ladan shayarwa, mai yalwa bisa yalwarsa, mai ƙunci bisa abin da Allah ya ba shi. Abin da ba mu cika ji ba shi ne yadda mutanen farko suka yi da waɗannan ayoyi sa'ad da saki ya shigo gidajensu, don ya shigo, har gidajen manyan sahabbai.

Hindu ƴar Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan wurin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, cewa hannunsa a damƙe yake, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ƴaƴanta. Aka yi mata izini ta ɗibi abin da zai wadace su bisa abin da aka saba. Aurensu yana nan a lokacin, amma malamai sun ciro ma'auni daga wannan hukunci: abin da ake nema shi ne abin da ya isa, kuma uwa tana da hurumin karɓar rabon ƴaƴanta a hannunta.

Zancen ɗaki kuwa ya fara zafi ne a kan Faɗimatu ƴar Ƙaisu. Mijinta, Abu Amr ɗan Hafsu, ya aiko mata da saki na ƙarshe yana wurin tafiya, wakilinsa ya kawo mata sha'ir, ta raina. Da ta je gaban Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, sai ya ce ba ta da ciyarwa a kan mijin, ya umarce ta ta yi idda a gidan Ibn Ummi Maktum. Bayan wafatin Annabi ta riƙa ba da wannan labari a matsayin hujjar cewa wadda aka yi wa saki uku ba ta da ciyarwa, ba ta da mazauni. Sayyidina Umar bai karɓi wannan ba, ya tsaya a kan ayar da ta hana fitarwa. Nana A'isha ta bayyana cewa Faɗimatu tana zaune ne a wani wuri keɓantacce da ake ji mata tsoro, shi ya sa aka yi mata sassauci. Daga wannan saɓani mazhabobi suka rabu: Hanafawa suka ba ta ciyarwa da mazauni, Hambalawa suka hana ta duka biyun, Imamu Malik da Imamu Shafi'i suka ba ta mazauni ban da ciyarwa, sai in tana da ciki. A mazhabarmu ke nan, ko saki uku ne, ɗakin idda yana wuyan miji.

Akwai wani labari cikin Muwaɗɗa da za ka rantse a unguwarmu ya faru. Lokacin da Marwan ɗan Hakam yake gwamnan Madina, aka saki ƴar ɗan'uwansa Abdurrahman, uban ya zo ya kwashe ƴarsa ya mai da ta gida. Nana A'isha ta aika wa Marwan cewa ya ji tsoron Allah ya mayar da matar ɗakinta. Dubi yadda abin da muke ɗauka mutunci ne, uba ya ce ƴarsa ba za ta ƙara kwana ko ɗaya a gidan wanda ya sake ta ba, Uwar Muminai ta ɗauke shi abin da za a aika wa mai mulki a kansa. A cikin babin nan dai aka ruwaito cewa an tambayi Sa'idu ɗan Musayyib, babban malamin tabi'ai na Madina, game da matar da aka saka tana cikin gidan haya: wa zai biya hayar? Ya ce mijinta. Aka ce in ba shi da shi fa? Ya ce ita. Aka ce in ita ma ba ta da shi? Ya ce sarki. Ka riƙe wannan amsa ta uku, za mu sake gamuwa da ita.

Game da riƙon yaro, abin da ya zama ginshiƙi ya faru ne da Sayyidina Umar da kansa. Ya rabu da wata matarsa mutuniyar Madina bayan ta haifa masa Asim. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci, ya kama hannunsa ya ɗora shi bisa dabbarsa. Kakar yaron ta wajen uwa ta cim masa, ta riƙe jikanta, suka tafi gaban halifa Abubakar. Abubakar ya ce a sakar mata yaron, Umar kuma bai mayar da magana ko ɗaya ba. Umar ne fa, wanda ka san ƙarfinsa, gaban tsohuwa guda. Wannan Asim ɗin da aka bar wa dangin uwa shi ne ya zama kakan halifa Umar ɗan Abdul'aziz ta wajen uwa. Da Umar ya hau halifanci kuma, masu tarihi sun ruwaito cewa ya ji kukan wani jariri da dare, ya bincika ya gano uwar tana gaggawar yaye shi ne don baitulmali ba ya yanka wa yaro rabo sai an yaye shi. Sai ya canza doka, ya yanka wa kowane jariri dirhami 100 tun daga haihuwa.

Imamu Malik ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira. Iliminsa ya bi ta Masar wurin almajirinsa Ibnul Ƙasim, daga nan Sahnun ya ɗauke shi zuwa Ƙairawan, cikin Tunisiya ta yau, ya tsara shi cikin Mudawwana. Sahnun ya yi alƙalancin Ƙairawan kafin rasuwarsa a 240, wato 854 Miladiyya, don haka mutum ne da ya ga mata da goyo a bakin ƙofarsa. A garin nan ne kuma Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 386, ya rubuta Risala, wadda duk ɗalibin zaure ya san ta. A Masar, Shehu Halil ya dunƙule mazhabar cikin Muhtasar a ƙarni na 14 na Miladiyya, a Garnaɗa ta Andalus kuma alƙali Ibn Asim, wanda ya rasu a 1426, ya tsara wa alƙalai Tuhfatul Hukkam.

Abin da ke cikin waɗannan littattafai, in ka karanta shi a tsanake, zai ba ka mamaki. Uwa ce ke da haƙƙin reno bayan saki: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta yi wani aure, haƙƙin ba ya faɗowa kai tsaye hannun uba. Yana komawa ga kaka ta wajen uwa, sannan ƴar'uwar uwa, sannan kaka ta wajen uba, kafin a iso kan uban. A duk tsawon wannan lokaci ciyarwa tana kansa shi kaɗai: abinci, tufafi, shimfiɗa, kuma mai renon ce ke karɓa. Alƙali ne ke yanka adadin bisa halin uban da tsadar gari, ya kuma yanka lokacin biya, kullum ko mako ko wata, don mai albashi da mai aikin yini ba ɗaya ba ne. Masu sharhin Muhtasar sun kai har ga faɗin cewa uba ba shi da ikon ce wa uwa ta riƙa aiko yaron ya ci a gidansa ya koma, saboda wahalar da ke cikin hakan ga yaro. Ashe wannan dabara ta "a aiko shi ya ci tuwo nan" ta girmi kakanninmu, kuma tun tuni aka rufe ƙofarta.

Uban ma ba a bar shi hannu rabbana ba. Yana da haƙƙin ganin ɗansa, da tarbiyyarsa, da kai shi makaranta, sai dai yaro ya kwana wurin mai reno. An shar'anta wa mai renon hankali da amana da iya ɗawainiya da amintaccen wuri. In ɗaya ya ɓace, haƙƙinta ya faɗi. In uba zai ƙaura ya zauna dindindin a wani gari mai nisan baridi 6, wato mil 72, fiye da kilomita 100, yana iya tafiya da ɗansa in hanya da garin amintattu ne. Tafiyar fatauci ko cin rani ba ta shiga nan. Wanda ya koma Damagaram daga Maraɗi da zama yana da magana. Wanda ya tafi biɗa zai dawo da damina ba shi da ita.

To, sai hayar ɗaki, kuma a nan ne malaman mazhaba suka yi saɓani mai daɗin karatu. Yaro yana da haƙƙin mazauni a kan ubansa, wannan babu gardama. Amma yaro ba ya kwana shi kaɗai, uwarsa tana ciki, ita kuwa ta gama idda, ba matar uban ba ce. Shin zai biya wa wadda ya saka wurin kwana? Abin da aka jingina wa Mudawwana, wanda malaman baya irin su Dasuƙi suka ce da shi ake fatawa, shi ne hayar duka tana kan uba, ta yaro da ta mai renonsa, tunda ba don yaron ba da ba ta bukaci ɗakin a wannan siffa ba. Sahnun kuwa, wanda ya tattara Mudawwanar da hannunsa, nasa ra'ayin dabam: uba ya biya rabon yaro, uwa ta biya rabon kanta, alƙali ya ƙiyasta kowane rabo. Wasu suka ce a raba bisa kawuna. Wasu suka ce a duba wanda ya fi hali a cikinsu.

A ɗauka ɗaki ne na jika 15 a wata, uwa da yara biyu. A magana ta farko uba zai ba da jika 15. In an raba bisa kawuna zai ba da 10, uwa ta cika 5. A maganar Sahnun alƙali zai duba nawa za ta kama ɗaki in ita kaɗai ce, da nawa yaran suka ƙara mata. Ka zaɓi wadda ka ga dama cikin waɗannan maganganu, ɗan'uwa, ba za ka sami wadda ta ce uba mai hali ya biya sifiri ba. A ganina maganar Sahnun ta fi sauƙin karɓuwa a zauren sulhu irin namu, don tana cire wa namiji jin cewa yana yi wa bazawara hidima, tana kuma tilasta a zauna a yi lissafi da alƙalami. Amma wannan aikin alƙali ne.

Littattafan nan sun daɗe da ƙetaro hamada. Shehu Magili ya ratsa ƙasar Abzin ya iso Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15. Alƙalin Katsina da ake kira Ɗan Takum, wanda ya rasu wajen 1529, ya yi rubuce-rubuce a kan Muhtasar. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da aka haifa a Maratta cikin jihar Tawa ta yau a 1754, ya tashi cikin karatunsu, ƙanensa Abdullahi kuma ya rubuta wa masu hukunci Liya'ul Hukkam. A fadar Damagaram akwai alƙali, haka a Maraɗi da Katsinawa suka kafa bayan jihadi ya fitar da su daga birninsu. Sai dai kusa da littafin akwai wata doka da ba a rubuta ba, wadda ta fi shi jin magana a tsakar gida: ɗa na uba ne. Mace ta bar gidan miji ranar saki, ta yi idda a gidan iyayenta. In tana goyo a bar mata har yaye, in an yi mata kara har shekara bakwai, sannan dangin uba su zo su karɓi abinsu. Shekara bakwai ɗin nan ma, in ka bi diddigi, ta fi kusa da maganar Hanafawa da Shafi'awa. Ba ta Malik ba ce.

Kada mu yi wa magabata rashin adalci. A ƙauyen da, wannan tsari yana da abin da ya riƙe shi. Gida babba ne, akwai kaka, akwai gwaggo, akwai rumbu ɗaya da kowa ke ci. Ɗakin bazawara a gidan ubanta laka ce da kara, gayya ke gina shi, ba mai zuwa ƙarshen wata ya ƙwanƙwasa ƙofa. Tambayar haya ba ta taso ba don babu haya.

Abubuwa biyu suka sauya wannan. Na farko mulkin Faransa. Dokar 10 ga Nuwamba 1903 ta kafa kotunan ƴan ƙasa a yankin Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, masu hukunci da al'adar mutane muddin ba ta ci karo da abin da Turawan suka kira wayewarsu ba. A idon kwamanda, fiƙihun Malik al'ada ce cikin al'adu, don haka abin da dattawa masu taya shi zama suka ce shi ne al'ada, shi ake zartarwa, ko ya dace da Muhtasar ko bai dace ba. Na biyu birni. A 1945 ambaliyar gulbi ta cinye tsohuwar Maraɗi, aka hau da gari bisa tudu, aka yanka filaye. Kasuwar gyaɗa ta jawo baƙi, aikin gwamnati ya kai mutane Yamai, wadda ta karɓi matsayin babban birni daga Damagaram tun 1926. Ɗaki ya zama abin da ake biya da kuɗi, daga baya ruwa da wuta suka bi sahu. Matar da aka saka a Yamai, iyayenta suna Madawa ko Tasawa, ta tsinci kanta daidai inda matar da aka tambayi Sa'idu ɗan Musayyib a kanta take.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, doka mai lamba 62-11 ta 16 ga Maris 1962 ta bar aure da saki da riƙon ƴaƴa da gado a hannun al'adar masu shari'a, alƙali yana zama da masana al'ada. Doka mai lamba 2004-50 ta 22 ga Yuli 2004 ta maye gurbinta ba tare da ta sauya wannan tushe ba. Shi ya sa a takardun jastis za ka ga an rubuta cewa an yi hukunci bisa al'adar Hausawa da ta musulunta. A gefe kuma sarakuna da masu gari suna sulhu, haka Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar da aka kafa a 1974 zamanin Seyni Kountché, wadda ofishinta na Yamai ya zama matattarar ma'aurata masu rigima.

An yi yunƙurin rubuta kundin dokar iyali tun shekarun 1970. Daftarin 1993 ya gamu da turjiyar ƙungiyoyin addini a 1994, aka ajiye shi. A 2006 majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata. A 2011 wani daftarin ya sake mutuwa kafin a haife shi. Da yawa daga cikin masu karanta wannan sun yi waɗancan tarurruka, kuma suna da hujjojinsu a kan gado da saki da abin da suka ga ya saɓa wa nassi. Ba su nake so mu tattauna ba yau. Abin da nake so ka lura da shi shi ne, mun ƙi abin da aka kawo mana da sunan kare shari'a, amma ba mu tashi da irin wannan ƙarfi mun ce a rubuta babin reno da ciyarwa na Muhtasar a zartar da shi ba. Fili ya zauna a hannun al'ada, ita kuwa a wannan babi ta fi tausaya wa aljihun uba.

Ƙasashen da muke mazhaba ɗaya da su sun bi wata hanya. Maroko, a dokar iyali ta 2004, ta ware kuɗin mazaunin yaro dabam da kuɗin ciyarwa: uba ya tanadi gida ko ya biya hayar da kotu ta yanka. Aljeriya ta yi irin wannan gyara a 2005. Tunisiya tun 1993 ta kafa asusun gwamnati da ke biyan uwa in uba ya ƙi, sannan ya bi uban bashi. Ga amsar Sa'idu ta uku ta dawo cikin rigar zamani. Kuma tana da muhimmanci a mazhabarmu fiye da sauran, domin a wurin Malik ciyar da yaro ba ta hawa kan kaka ko baffa, ba ta ma hawa kan uwa in ban da shayarwa. In uba ya talauce da gaske, yaron ya zama cikin matalautan musulmi, haƙƙinsa yana baitulmali. Inda babu baitulmali mai aiki, zakka da sadakar jama'ar masallacin unguwa su ne mafi kusa da shi.

Saura hukunci ɗaya, kuma ke ƴar'uwa mai riƙe da yara shi ya fi shafa. A mazhabar Malik, ciyarwar matar aure bashi ce a kan miji mai hali ko shekara nawa ta wuce. Ciyarwar ƴaƴa ba haka take ba: tana faɗuwa da wucewar lokaci, domin an wajabta ta ne don toshe yunwar ranar. Abu biyu ke hana ta faɗuwa. Ko dai alƙali ya riga ya yanka ta, ko kuwa wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi, ba kyauta ba, uban yana da hali a lokacin, kuma ya rantse a kan haka. Ma'ana, wadda ta yi shekara biyar tana tuyar ƙosai tana biyan haya da kuɗin magani cikin kawaici, sannan ta zo neman abin da ya wuce, za ta sha wuya kafin ta samu. Wadda ta je gaban alƙali ko sarki tun watan farko, aka rubuta tiya nawa ta hatsi, jika nawa na cefane, nawa na ɗaki, ranar nawa ga wata, da sa hannun shaidu biyu, duk watan da aka tsallake ya zama bashi da za ta iya nema. Kai ma uba takardar tana kare ka, don abin da ka bayar a gaban shaidu ba mai cewa ba ka bayar ba. Waliyyan da ke zaman karɓar takardar saki su nemi a rubuta wannan ta biyun a zama ɗaya, kafin a tashi.